Hoton Gidaɗo ya fi shi yawo

Gidaɗo bai taɓa wuce Kwantagora ba, amma hotonsa ya je Legas, an ce har Turai, ko tasha bai shiga ba.

Makiyayi ne a gefen Gehuru, dogo siriri, da ɗan gemu irin na bunsuru. Shekara talatin yana nan. In an gama girbi manoma kan kira shi ya kwantar da shanu a gonakinsu don taki. Ba abin da ya iya a duniya kamar tsayuwa: ya ɗora sanda a bayan wuya, ya rataya hannu biyu a kanta, ya yi ta kallon banza har la'asar.

A haka wani ɗan jarida ya same shi a kara, kasuwar shanu ta Jega, ya ce labarin tsadar dabbobi yake haɗawa, yana son ɗaukar hotonsa. Kunyar Fulani ba ta barin Gidaɗo ya ce wa baƙo a'a, har malafa ya gyara. Rana na bayansa, hoto ya fito duhu, sanda ta koma kamar bindiga.

Shi ke nan, ya samu aikin da bai nema ba. Duk inda aka kai hari, labari na fitowa a waya, sai ga Gidaɗo a sama ya rataya hannuwa. Yau shi ne ɗan bindiga, gobe ɗan ta'adda, jibi mai garkuwa da mutane. Rana guda ya kai hari jiha uku, alhali yana rugga yana fama da basur.

Mas'ud mai cajin waya ne ya fara nuna masa. Gidaɗo ya daɗe yana kallo, ya tofar da yawu.

"Wagga sanda ta, Mas'udu. Su ba su san sanda ba?"

Mas'ud ya ce sun sani sarai, sanda ce ba ta jawo masu karatu.

Abin takaicin sai bara. Ɓarayi suka tare garkensa wajen Kuberi, suka kore shanu sha bakwai, suka karya wa ƙanensa ƙafa, sai Aliero aka kai shi ɗori. Ba ɗan jaridar da ya tako. Bayan kwana biyu labari ya fito, layi huɗu, ba sunan kowa, sunan garin ma an rubuta shi a karkace. A sama kuwa Gidaɗo ne. Wato shi ya yi wa kansa sata.

Daga nan 'yan sa-kai suka sauke shi daga mota a hanyar Maiyama, suna duban waya suna dubansa. Labbo, manomin da suka shekara ashirin tare, ya aiko cewa bana kada ya kawo shanu. Shi dai ya san shi, amma mutane na magana.

Gidaɗo ya ga in bai rabu da wannan kama ba gari zai gagare shi. Ya je wurin wanzami aka kwashe gemu, ya jefa malafa bayan bukka, ya ajiye sanda, ya sa kaftani da hula kamar malamin makaranta. Ya ratsa kasuwa ba wanda ya waiwaye shi.

Da ya isa garke, shanu suka ɗaga kai suka ga baƙo. Babban bijimin ya yi huci, sauran suka watse cikin daji. Ya bi su yana kiran sunayensu ɗaya ɗaya, kaftani na harɗe masa ƙafa, ba wadda ta tsaya.