Duman Monowara

Duk matan Bangladesh da ke unguwar Torpignattara, a birnin Rum, sun san Monowara da abu biyu: kaifin baki da duma. Mijinta Jolil yana tallar lema a bakin tasha, ita kuwa wanke-wanke take yi a wani gidan abinci.

Bayan benen da suke haya akwai fili da masu gidan suka mayar juji. Shekara da shekaru ba mai leƙa shi sai ɓeraye da 'yan ƙwaya. Monowara ce ta kwashe ruɓaɓɓun katifu da allurai da hannunta, ta kafa rumfa da ƙarafan tsohon gado, ta shuka dogon duman nan da ake miyar kifi da shi. Irin na mahaifiyarta ne, a bakin zani ta ƙullo shi. Tsohuwa ta rasu, kogin Padma ya cinye gida da gona. Shi ya sa kowace shekara take barin ɗa guda a rumfa ya ƙosa ya bushe, ta ɗaura masa jan ƙyalle don kada a taɓa. Ragowar irin da ta adana damshin ɗaki ya ruɓar da shi, ɗan bana shi ne kaɗai abin da ya rage.

Bana rumfa ta yi 'ya'ya har da na banza. A garinsu kuwa ba a cin amfanin gona a ɓoye, sai an bi maƙwabta ƙofa-ƙofa, kuma ta ga ba dalilin tsallake Turawan benen.

"Maman Rumki, nan ba ƙauyenku ba ne," in ji Jolil. "Abin da ba su gani ba shi ne naki."

Ta ce ya ji da lemarsa, ba ta gaji rowa ba.

Sinyora Ornella, shugabar masu gidan, ta karɓi nata tana washe baki, ta tambayi inda aka samo. Ta sauko ta gani, ta yaba, ta ɗauki hoto. Mutanen da suka yi shekaru suna wurgo shara ta taga, sai yanzu suka tuna suna da fili! Suka yi taro ba su gayyaci ɗan haya ko ɗaya ba, suka ce za a sa furanni da benci da wurin shan iskar karnuka.

Monowara ta roƙi a jira sanyi ya shigo, iri ya ƙosa. Italiyancinta na kicin ne, Sinyora ta yi ta gyaɗa kai kawai.

Monowara ta dawo daga aiki wata Talata ta tarar an share rumfa ƙaf. Ga Sinyora tana jiranta a ƙofa rungume da duman irin, jan ƙyallen na nan a wuyansa. Wai ita ta hana ma'aikata jefar da shi, tunda shi ne babba, zai yi miya.

Monowara ta fasa shi a kicin. 'Ya'yan cikinsa ba su ƙosa ba, fari fat, laushi kamar dafaffiyar shinkafa. Ranta ya ɓaci, ta zagi benen tun daga tushe har rufi. Sannan ta dafa shi da kifi, ta cika kwano, ta haura sama ta buga ƙofa da ƙafa.

"Ungo, Sinyora, ki cinye tas. Daga wannan babu wani a duniya."