Bencin Gaba a Gidan Kallo

Lokacin da gidan kallon unguwarmu a Talata Mafara ke cika, bencin gaba nawa ne. Ba ni ne mai gidan ba, ni ne mai fassara. Bature na sharhin ƙwallo a talabijin, ni ina juya wa jama'a da Hausa, in ƙara gishiri inda ya yi lami. Manoman Bakolori kan shigo da taɓo a ƙafa, su ajiye mini albasa ƙarƙashin benci. Cikinsu akwai abokina ɗan Birnin Tudu, wanda albasarsa ta fi ta kowa yawa ƙarƙashin bencin, da ba ya yarda an ci ƙwallo sai ya ji daga bakina.

Sai waya ta zo, kowa ya koma kallo a tafin hannunsa. Mai gidan ya gaji da biyan tashar wasanni don bencina kawai, ya sauke faifan dish ɗin da ke kamo tashar. Yanzu kuɓewa matarsa ke shanyawa a ciki.

Ran kasuwa na tarar da abokin nan sunkuye kan waya, yana dariya shi kaɗai. Gaisuwar ma a gurguje ya amsa. Wani saurayi ne a wayar ke sharhin wasa da Hausa. Ban san shi ba, amma nan take na tsane shi. Na kasa kunne ina neman kuskurensa, ban samu ba. Ɗan banzan ya iya.

Abokina ya kara mini wayar a kunne.

"Saurara don Allah," in ji shi. "Ka taɓa jin mai sharhi irin wanga?"

Buhun albasarsa na jingine da ƙafarsa, bakin a ɗaure.