Dogo, Direban da Ya Sasanta Mota da Jirgi

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi marigayin da jama'a suka sani da Dogo a shekarar 1952, a wani ƙaramin gari da layin jirgin ƙasa ya ratsa, cikin gida mai ɗaki biyu da ke jingine da katangar tasha. Mahaifinsa mai gyaran layin dogo ne, mahaifiyarsa kuwa tela ce, kuma shi ne na uku cikin 'ya'yansu biyar. Gajere ne ƙwarai. Daga aikin mahaifinsa laƙabin ya samo asali, abokan wasa suka ga abin dariya ne, suka liƙa masa shi har abada.

Karatu da Sana'a

Ya kammala firamare a 1966, amma bai zarce ba, domin a lokacin ne jiragen kaya suka fara ja da baya, aka sallami mahaifinsa daga aiki. Kawunsa makaniki ya ɗauke shi gareji, inda ya laƙanci cikin inji kafin ya taɓa sitiyari. A 1974 ya sami lasisin tuƙa babbar mota, ya shiga dakon siminti da taki daga gaɓar teku zuwa garuruwan cikin ƙasa, yana zaune a kan matasai biyu don ya hango hanya.

Aure da Jarrabawa

A 1978 ya auri wata ungozoma, Allah Ya albarkace su da zuriya, sai dai hanya ta fi gida ganinsa. An ruwaito cewa 'yarsa ta fari ta taɓa leƙo shi daga bayan labule, ta tambayi uwarta, "Mama, wannan baƙon yaushe zai koma gidansu?" Ya yi dariya tare da kowa, amma maganar ta zauna masa.

A 1993 ƙaninsa, wanda shi da kansa ya koya wa tuƙi, ya rasu bayan barci ya sace shi a kan sitiyari cikin doguwar tafiya. Ba a jima ba likita ya shaida wa Dogo cewa tarin da ke damunsa na hayaƙin dizal ne da ya daɗe yana shaƙa.

Shugabanci da Saɓani

An zaɓe shi shugaban ƙungiyar direbobi a 1998. A 2004 aka gyara layin dogo, aka zo da shawarar jirgi ya riƙa ɗaukar kwantenoni a doguwar tafiya, motoci kuma su kwashe daga tasha zuwa shaguna da masana'antu. Direbobi suka ce ba su san zancen ba, suka tare ƙofar tashar da tireloli. Dogo ya shiga ciki da ƙafa, ya tsaya ya ga inji ɗaya ya jawo kayan da sai an yi jerin gwanon motoci kafin a ɗauke su, kuma a matsayinsa na tsohon makaniki ya san yawan man da aka yi tsiminsa. Da ya fito ya kira taro a rumfar ƙungiya, ya ce a karɓa.

Amininsa, wanda ake kira Salansa saboda ƙarfin muryarsa, ya miƙe ya ce, "Ashe jinin ubanka bai sake ka ba! Mu za ka miƙa wa ƙarfe?"

Dogo ya ce, "Jirgi ba ya shiga lungu, ba ya tsayawa ƙofar shagon kowa. Ya ɗauki nesa, mu ɗauki kusa, kowa ya kwana cikin iyalinsa. Man da muke ƙonawa, ku zo ku saurari ƙirjina ku ji inda yake zuwa."

Wani ya tambaya ko aikin zai ishi kowa. Ya ce a'a, ba zai yi musu ƙarya ba. A wannan zama aka tsige shi.

Shekarun Tasha

Da 'yan motoci kaɗan ya fara jigila daga tashar, bayan ya dage sai da hukumar jiragen ƙasa ta amince cewa direbobin da suka rasa aikin doguwar hanya su za a fara ɗauka aikin lodi da injin ɗaga kaya. Tsoffin abokansa suka daina amsa sallamarsa. Masu faci da masu abinci na bakin babbar hanya kuwa kasuwarsu ta mutu, kuma bai taɓa musanta cewa da hannunsa a ciki ba. Waɗanda ya iya, ya nema musu rumfa a harabar tasha.

A 2008 man dizal ya yi tashin da ya sa motocin nesa da yawa suka kwanta. Ranar nan sai ga Salansa a bakin sito, yana kallon gefe, ya ce, "An ce kana neman direba mai hankali."

Dogo ya miƙa masa makulli, ya ce, "Ina nema, amma tunda ba a samu ba, hau."

Daga nan sauran suka biyo baya, cunkoson tireloli ya ragu a tsakiyar gari, matan unguwar tasha suka koma shanya fararen kaya a waje.

Rasuwa

Ya ajiye aiki a 2015 sakamakon ciwon huhu, ya rasu a gidansa a 2021, matarsa na riƙe da hannunsa. An yi masa sutura a maƙabartar bayan tasha, inda direbobin da suka tsige shi suka yi ta rige-rigen ɗaukar makara.

Ya bar matarsa da jikoki da 'ya'ya huɗu: babbar, malamar makaranta, mai bi mata, direban jirgin kaya, ta uku, mai sarrafa injin ɗaga kwantena, sai auta, wanda shi kaɗai ya zaɓi tuƙin mota a doguwar hanya duk da roƙon mahaifinsa. Labarin ya riske shi a nesa, ya iso bayan an dawo daga maƙabarta. Allah Ya jiƙan Dogo, Ya kawo na kan hanya gida lafiya.