Dawa Mai Hula

A Mairuwa kowa Dakta yake ce wa Kawu Mas'udu. Mai shayi ya ce Dakta, 'yan acaɓa su ce Dakta, har liman in zai matsa masa a sahu Dakta yake cewa. Shi kuwa sai ya amsa da murmushin nan nasa na gefen baki ɗaya. Yayan mahaifiyata ne, na tashi ina jin sunan ina hura hanci a makaranta. Sai da na girma na gane ba shi da takardar digirin da ke sa a kira mutum haka, kuma duk wanda ya kira shi haka miki yake fama masa ba tare da ya sani ba.

Kakana Malam Nata'ala manomi ne da bai taɓa zama a aji ba, amma Allah ya sa masa son boko kamar me. Da Kawu ya gama digiri na biyu a fannin noma ya shiga na uku, tsohon nan ko sallama ka yi masa sai ya san yadda ya jawo zancen. Burinsa guda ne a duniya, ya ga ranar da za a ce da shi baban Dakta.

Binciken Kawu a kan ƙuduji ne, ciyawar nan mai kyan fure da mugun hali, wadda ke kama saiwar dawa ta tsotse ta. Ya lura cewa wasu tsofaffin irin dawa na ƙauye ba sa jin ta sosai, ya ce sai ya gano waɗanne ne. Ya hau babur ya shiga lungunan Faskari da Sabuwa da Kankara yana roƙon iri wajen tsofaffin mata. Wannan ta ciro masa zangarniya ɗaya daga saman ɗaki, waccan ta ƙulle masa ɗan abin da bai cika tafin hannu ba a bakin zane. Waɗanda ba a san sunansu ba sai ya sa musu sunan mai bayarwa, akwai 'yar Hajaratu, akwai 'yar Suwaibatu. Yawancin ƙauyukan nan yanzu babu kowa a cikinsu, 'yan bindiga sun tashe su.

Kakana ya ba shi gonarsa mafi kyau. Kawu ya yanka ta ƙanana-ƙanana, kowane iri da wurinsa, kowane wuri da fegi mai lamba. Aikin duka a kan awo yake: a yanke kowane yanki daban, a sussuke daban, a auna daban. In dawa ta fara fitar da kai kuma sai ya bi wasu kawunan ya rufe su da jakar takarda, don kada iska ta haɗa wani iri da wani, ya samu tsantsar irin da zai shuka baɗi.

To, nan Mairuwa ta samu abin dariya. Alhaji Yahuza, aminin kakana kuma maƙwabcinsa a gona, shi ne shugaban masu tsiya. Ya tsaya a kan iyaka ya riƙe ƙugu ya ce, "Nata'ala, mi ya samu ɗan nan naka? Mu muna neman abin da za mu ci, shi dawa yake ɗinka ma hula!"

Kawu a lokacin yana ji da kansa, wannan ko shi bai musa ba. In aka tsokane shi sai ya ɗaure fuska ya ci gaba da aikinsa, a ransa yana cewa ina ruwan waɗannan da bincike. Mahaifinsa kaɗai ya zaunar ya yi wa bayani dalla-dalla. Tsohon ya fahimta sarai, ya zama mai gadin gonar, ko akuya ba ta isa ta leƙa ba. Amma shi ma bai taɓa warware wa kowa ba. Daɗi yake ji a ce ɗansa na yin abin da ya fi ƙarfin kan mutane. Iyakarsa ya ce, "Ku dai ku bar mashi abinshi."

Damina ta ƙarshe ta zo, wadda awonta zai cika aikin. Irin da ya rage ba yawa, Kawu ya zuba shi duka a ƙasa, yana lissafin zai mayar daga kawunan da ya rufe. Dawa ta yi kyau, ta nuna, ta bushe a tsaye. Ana shirin yanka ciwon ciki ya kwantar da kakana, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

A wajenmu akwai al'ada, kuma al'ada ce mai kyau, ba zan ce ba ta da kyau ba ko da raina na ɓace. In magidanci ya rasu amfaninsa na gona, maƙwabta ba sa jira a roƙe su. Gayya suke haɗawa su cire wa iyalinsa amfanin tun suna zaman makoki, kuma ba a faɗa wa masu gida, don kada su ji nauyi. Balle a shekarar nan da kowa ke sauri saboda 'yan bindiga, ba mai son barin dami a daji.

Ina makarantar kwana lokacin, mahaifiyata ce ta ba ni labari, kuma har yau ba ta iya kai shi ƙarshe ba tare da hawaye ba. Da la'asar Kawu na zaune a tabarma a ƙofar gida yana karɓar gaisuwa, sai ga amalanken shanu ɗauke da buhuna, mutanen unguwa na biye, duk sun yi futu-futu da ƙaiƙayi. Alhaji Yahuza na gaba. Ya durƙusa, dattijo da shi, idonsa jawur, ya ce, "Mas'udu, ubanka abokina ne tun muna kiwon awaki. Ba ni da abin da zan mashi yanzu sai wanga. Ga dawarku nan, mun yanke, mata sun sussuke, ko ƙwaya ba mu bar ma tsuntsu ba."

Sannan ya sa aka ajiye wani ƙunshi a gaban Kawu. Fegunan ne, an tumɓuke su an ɗaure tsaf da igiya. A kansu ga jakunkunan takarda, an cire an ninke ɗaya bayan ɗaya.

"Hulunan ma ga su nan mun tattara maka," in ji Alhaji Yahuza. "Na ce a yi hankali da su kar su yage, ko za su yi maka amfani baɗi."

Ni da ni ce, wallahi da Mairuwa ta ji muryata har bakin titi. Kawu ya dubi buhunan, ya dubi mutanen da suka bar nasu aikin suka yini a rana saboda ubansa. Ya miƙe ya bi su ɗaya-ɗaya yana musabaha, yana cewa Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci. Ya sa aka yi addu'a aka shafa. Sai da kowa ya watse ya zagaya bayan rumbu. Mahaifiyata ta ce kukan da bai yi a maƙabarta ba a nan ya yi shi, kuma duk gidan suka ɗauka na rashin uba ne.

Ya gwada tsincewa. Ya zauna da faifai yana ware ja daga fara, amma farar kala nawa ce? 'Yar Hajaratu da 'yar Suwaibatu a ido duk ɗaya suke. Awon kuwa ya riga ya tafi, ba mai iya cewa wane yanki ne ya ba da me. Kunya ta hana shi komawa jami'a, in malaminsa ya kira sai ya kife wayar. Da ya daure ya je, malamin ya yi ritaya, wa'adin karatun ya ƙure. Wanda ya gaje shi ya ce a sake daga farko. A sake da wane iri? Matan da suka ba shi wasu sun rasu, wasu suna gudun hijira ba a san inda suke ba. Gonar ma daga baya ta koma cikin wuraren da ba a zuwa.

Yanzu yana koyar da noma a wata sakandare a Faskari. Ɗaliban jami'a da ke zuwa bincike yankin nan wajensa ake turo su, ya karɓe su, ya ciyar da su, ya raka su ƙauye a babur ɗinsa. Da na samu gurbin digiri na biyu, zan yi gwajin wake a wata gonar aro kusa da Kankara, mahaifiyata ta ce ba inda za ni sai na ga Kawu.

Na same shi a zaurensa a Mairuwa da hantsi. Na zaci zai tambaye ni tsarin gwajina, har na ɗauko takardu. Ko kallonsu bai yi ba.

"Khairiyya, wa ya san abin da za ki yi a gonar nan?"

Na ce malamina ya sani, mai gonar ma na yi masa bayani.

"Mutum guda ke nan a garin. In ya mutu hwa?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Kafin ki kafa fegi ko ɗaya, ki tahi wajen mai unguwa. Ki shiga gidaje ki zauna da mata, ki sa a faɗa a masallaci. Da Hausa, ba da Turancin nan namu ba. In sunka yi maki dariya ki taya su, sannan ki sake bayani. Ni na iya tsayawa gaban farfesoshi in yi magana har su tafa, amma maƙwabcin gonata ban taɓa ce mashi ga dalilin hular nan ba. Raini ne, ɗiyata, ba wani abu ba."

Na ce cikin fushi, "Kawu, su ma ai sai su tambaya!"

"Sun tambaya. Tsiyar nan da suke mani ita ce tambayar, ni ne ban amsa ba." Ya murza carbi. "Iri kuma ki raba shi biyu, rabi ya kwana a wani gari. In abu ya lalace maki, ranar ki kira malaminki, kar ki ɓuya. Da na je da wuri wataƙila da an samu dabara."

Na tambaye shi ko ya taɓa gaya wa Alhaji Yahuza. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce mutumin nan bai da abin da yake taƙama da shi a duniya kamar gayyar nan, ita ce kyautarsa ta ƙarshe ga amininsa, shi ba zai ƙwace masa ita ba.

Ya rako ni bakin titi in hau motar Sheme. A gindin dalbejiyar masallaci muka tarar da Alhaji Yahuza, ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, amma bakin na nan. Ya gane takun Kawu.

"Dakta! Wace ce wannan?"

"Jikar Malam ce, Baba. Ita ma bincike za ta yi."

"Madalla! Ke ma hula za ki ɗinka?" Ya yi dariya har da tari. Ya kamo hannun Kawu ya riƙe. "Yarinya, ki tambayai, shekarar da Nata'ala ya rasu mu munka cire mashi dawar binciken nan tas, yini guda. To wai ni Mas'udu, yaushe za su ba ka takardar ne? Mu dai mun yi namu. Ina so in gani kafin in tahi, in samu abin da zan faɗa ma ubanka."

Na buɗe baki zan yi magana. Kawu ya taka mini ƙafa a hankali.

"Ana nan ana jira, Baba," ya ce. "Allah ya saka da alheri."