Maganar Hamma a Rediyo

Ko ƙasa ta rufe idona, ina jin da wannan abin zan tafi. Yayana, wanda muke kira Hamma, lauya ne, kuma a shekarar da masu tayar da ƙayar baya suka doshi garuruwanmu na arewacin jiha, yana kan kujerar kwamishina a Yola. Ni kuwa ina koyarwa a Jimeta, Baba kuma yana can garinmu.

Hamma ɗan fari ne, kuma Baba yana jin kunyarsa irin ta mutanen da. Bai taɓa faɗin sunansa ba, ba ya karɓar wayarsa, ko gaisuwa kai a sunkuye yake amsawa. Amma in Hamma zai yi magana a rediyo, sai tsohon ya shige ɗaki ya manna rediyo a kunne. Mukan yi masa dariya a ɓoye.

Wata safiya aka tura Hamma gidan rediyo ya kwantar wa jama'a hankali. Ya ce komai lafiya, kowa ya zauna a gidansa. Yana fitowa ya kira ni.

"Ki kira Baba yanzu. Ya baro garin yau."

"Hamma, ba kai ka ce a zauna ba?"

"Wancan aiki ne. Ki kira shi!"

Na kira. Baba ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Na ji shi da kunnena a gaban duniya. Wanda ya karanta shari'a ba zai yi wa mutane ƙarya ba. Ke dai tsoro gare ki tun kina yarinya." Na yi magiya, na yi kuka, ya ce in gaida yara. Kafin la'asar layin garin ya ɗauke.

Bayan kwanaki muka je sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi muna duba fuskoki, ko za mu ga Baba. Jama'a na ta "ranka ya daɗe", sai wata maƙwabciyarmu ta can garinmu ta ratso su ta riƙe rigar Hamma.

"Barista, mun roƙi babanku ya shiga mota, ya ƙi. Ya ce yaronsa ya ce a zauna. A ƙofar gida maharan suka same shi, suka kashe shi."

Hamma ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, ranar ce muka fara jin Baba ya kira shi yaronsa, kuma a bakin wata muka ji.

A cikin satin ya ajiye muƙamin. Sau biyu ana zuwa ya tsaya takara, yana ba su haƙuri. Yau yana wani ɗan ofis a Jimeta, yana tsaya wa waɗanda suka rasa gidajensu a kotu. Har yanzu ban iya jin haushinsa ba, ban kuma iya ce masa ba laifinsa ba ne.

Abin da na koya shi ne, in ka hau kujera ka faɗi abin da ka san ba haka yake ba, maƙiyinka ba zai yarda ba. Mai ƙaunarka ne zai yarda, shi kuma zai zauna.