Kwalbar da Yaya Asabe Ta Aike Ni Ɗanɗanawa a Riyad

Funtuwa zuwa Kano

Ba a kira assalatu ba na fito da jakata, wata Talata cikin watan Sha'aban. Ni mai sayar da dabino ne, duk shekara kafin azumi nakan je Saudiyya saro kaya da bizar kasuwanci. Amma a wannan tafiyar dabino ɗan rakiya ne. Kafin tasha sai da na biya gidan yayata, Yaya Asabe. Na same ta zaune a kan darduma, ƙafafunta a kumbure.

Ɗanta Bashari yana aiki a wata masana'antar abin sha a Riyad. Watannin baya wani hotonsa ya zagaya wayoyin unguwa: ga shi tsaye cikin abokan aiki, ya ɗaga koriyar kwalba mai dogon wuya, kumfa na zubowa. Wata maƙwabciya ta kai mata har ɗaka, ta ce ga ɗanta can yana haɗa giya a ƙasar Manzo. Tun daga ranar Yaya ta daina ɗaga wayarsa, ta kuma daina shan maganin hawan jinin da yake aiko mata, wai ba za ta gyara jininta da haram ba. Na sayo mata wani, ta ce ai ta san hannunsa ne ya biyo ta aljihuna.

"Ilu," ta ce da ni, "harshenka ba ya ƙarya, kai da kake bambance dabino ido rufe. Ka je ka sa abin nan a bakinka. In giya ce ka gaya min, in san ba ni da ɗa."

"Yaya, yaron nan fa ya rantse ba giya ba ce."

"Ba rantsuwarsa na aike ka jiyowa ba."

Muka yi sallar asuba a tasha, motar ta cika muka ɗau hanya ta Malumfashi. A wani shingen bincike kusa da Gwarzo aka sa na buɗe jaka, direba ya hango fasfo ya ce, "Alhaji, Umara za a? A sa mu a addu'a." Na ce masa Allah ya sa mu dace. Ina zan fara yi masa bayanin cewa mutum mai furfura irina zai tsallaka teku don ya kurɓi abin da ake zargin giya ce? Da hantsi muka shiga Kano, jirginmu ya tashi bayan azahar, muka ya da zango a Alƙahira.

Riyad, ranar Laraba

Mun sauka da safe. Aka ɗauki zanen yatsuna, aka buga hatimi, na fito na ci karo da zafin da ke busar da leɓe tun kafin mutum ya yi magana. Bashari ya taho ya tsuguna a gabana cikin mutane. Ya rame, har na so in yi masa tsiyar cewa masu haɗa giya ai tumbi suke ajiyewa, sai na ga idonsa na fasa.

"Kawu, sannu da hanya. Inna tana shan maganin?"

Na ce ba ta sha. Muka ɗau hanya zuwa unguwar Al-Jaradiya, inda yake zaune da wasu 'yan Najeriya biyu a saman wani shago. Suka kawo kabsa, shinkafarsu mai kaza, na ɗan taɓa na bari saboda ciwon sugar da ke damuna. Da yamma ya sauko da ni shagon ƙasa ya buɗe firiji. Ga kwalaben nan jere kusa da nono da ruwan lemo.

"Ka gani, Kawu? Wallah a kowane kantin unguwa akwai ta, mata da yara saye suke. A ƙasar nan wa zai jera barasa a fili?"

Na ce na gani, amma yawan masu saye ba shi aka aiko ni dubawa ba. Na tambaye shi me ya hana ya zo gida ya wanke kansa. Ya ce sai kafil, wato kamfanin da ya ɗauki nauyin zamansa, ya sa hannu kafin ya fita ƙasar, kuma hutunsa da saura. "Tsorona kada wani abu ya same ta tana fushi da ni," in ji shi. Nan tausayinsa ya kama ni, don tsoron da ya hana ni barci ke nan ni ma.

Birnin Masana'antu na Biyu, ranar Alhamis

Bayan la'asar muka nufi kudancin gari a motar wani abokinsa. Tafiya ce mai ɗan nisa, gidaje suka ƙare, sai manyan rumbuna da tireloli. A ƙofa aka karɓi fasfona aka rataya min katin baƙo, aka sa min farar riga da hular leda a kan tawa hular.

A ɗakin gwaji Bashari yake aiki. Ya zagaya da ni yana bayani: sha'ir ake jiƙawa ya tsiro, a busar, a dafa, a tace, a sa wani ganye mai ɗaci, a ɗura iskar da ke sa kumfa. Ba a barinsa ya kwana ya yi tsami, don a nan ne barasa take samuwa. Wadda ke cikin hoton sabuwa ce, an rage mata suga saboda masu ciwo irin nawa da masu gudun ƙiba, ranar da aka fitar da ita aka ɗauki hoton. Ya nuna min na'urar da ke auna barasa, allonta ya nuna babu. Na ce Yaya ba na'ura ta aiko ba.

Ya ɗauko kwalba mai sanyi ya buɗe ya zuba a kofin gilashi. Ruwan kalar zuma ne wadda aka tsinka, kumfa fara ta taso ta kwanta da wuri. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa kai irin wannan bakina ba. Na yi bisimilla, na ce Allah ka san niyyata, na kurɓa.

Ƙanshinsa na jiƙaƙƙen hatsi ne. A baki ba shi da kauri, kamar ƙasarin da aka wanke gero, sai iskar da ke tsattsaga harshe. Zaƙin ɗan kaɗan ne, kafin ka kama shi ya gudu, ya bar maka ɗaci a maƙogwaro irin na shuwaka. A matsayina na mai sana'ar zaƙi, da wani ya kawo min wannan ya ce in saya, da na ba shi haƙuri.

"Kawu, yaya ka ji?"

Na buɗe baki zan amsa, sai na ga ramin da ni da Yaya muka faɗa. Ta aiko ni in gane ko giya ce, alhali ban san ɗanɗanon giya ba. Da me zan gwada? Na gaya wa Bashari haka, fuskarsa ta faɗi. Ya ce, "To shi ke nan, Kawu, ba ni da mai wanke ni." Na ce ya buɗo ta biyu. In harshe bai sani ba, ai jiki magayi ne. Na shanye ta tas, na koma kan kujera ina sauraron kaina, ina jiran jiri ko nauyin baki ko dariyar da babu dalili. Babu abin da ya zo sai gyatsa.

Ina nan zaune aka kira magariba. Muka shiga ɗan masallacin ma'aikata, mutanen ƙasashe iri-iri, aka yi sahu, limaminsu bai zo ba. Wani dattijon Basudane ya dubi gemuna ya miƙa hannu gaba ya ce, "Tafaddal, ya shaikh." Na tsaya cak. Kowa ya san an hana mai maye kusantar salla har sai ya san abin da yake faɗa, balle ya ja mutane. In ina da ɗigon shakka, ba ni da ikon taka wurin nan. Na waiga, Bashari yana sahun farko ya zuba min ido. Na laluba zuciyata da kaina na same su garau, na taka na shiga gaba. Na karanta a bayyane, ko harafi bai kuɓuce min ba. Da na sallame na ji wani yana shessheƙa a bayana, ban juya ba don na san ko wane ne.

A hanyar komawa na ce masa, "Abinku ba barasa ba ne. Amma siffar kwalbar nan ba ta yi min ba, kuma kai ka san idon mutanenmu." Ya ce ya ɗauka, ba zai sake ɗaukar hoto da ita ba.

Komawa gida

Sauran kwanakin na yi su a kan dabino, wurin wani dillalina a Al-Naseem, na ɗaure kaya na sallama. Bashari ya raka ni filin jirgi da ledar magani, ya ce ko za ta karɓa. Na sauka Kano da safe, la'asar ta yi min a Funtuwa, ban bi ta gidana ba.

Yaya ko sannu da zuwa ba ta gama ba ta ce, "Ka sha?"

"Na sha, har kwalba biyu."

"Giya ce?"

Na gaya mata gaskiya, cewa harshena ba shaida ba ne a nan, don bai san giya ba. Sannan na ba ta labarin magariba.

"Ilu, kai ka ja sallar? Shi yana bayanka?"

"Yana sahun farko, Yaya."

Ta sunkuyar da kai, ta share ido da bakin mayafi, ta ce in kira mata shi. Na kira, ya ɗauka, na miƙa mata. Ba ta ambaci sunansa ba, ɗan fari ne. Ta dai riƙe wayar da hannu biyu ta ce, "Kai ne? Na zalunce ka. Allah ya yi maka albarka." Ta miƙo min wayar yana kuka a ciki, ta jawo ledar maganin, ta ce a kawo mata ruwa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni na same ta da rai. Na gode wa yaran Al-Jaradiya da suka bar min katifarsu, da dattijon nan Basudane wanda bai san abin da ya yi mana ba.