Kwanon da Bai Je Sabuwa Ba

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Katsina a motar ofis, muka miƙi hanyar Kankara. Mu uku ne: direba, da injiniyan da ke duba ginin makarantun firamaren nan da gwamnati ta barbaza ko'ina, sai ni ɗan rakiya. In faɗa maku gaskiya, ba rakiyar banza nake ba. An ba ni hedimasta na sabuwar makaranta a wani ƙauye kusa da Sabuwa, na riga na bi gida-gida na roƙi iyaye su ba ni ɗiyansu, na kuma yi masu alkawarin aji mai rufi kafin damina. Ga kwanon rufi ya yi wuya bana. Lodin mota ɗaya ya iso, makarantu uku na jira, injiniya ne zai yanke inda za a kai. Ni dai na biyo shi ne in yi ta zuga shi.

Kuɗi sun shigo ƙasar nan, sai wanda ya fita zai gani. Ko'ina babura sababbi fil, samari kowa da rediyo rataye a kafaɗa. Mun tarar da Kankara ranar kasuwa, muka tsaya shan fura. Da na yi ƙorafin tsada, mai nonon ta ce ai ita ma ta ji an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, saniyarta ba ta fi mu son wahala ba. Na biya muka wuce.

A wurin ginin Kankara na fara ganin aikin mutumin nan. An kawo kujera bai zauna ba, ya zaro igiyar awo ya zagaye ginin. Abu uku yake haɗawa: inda ya kamata aiki ya kai yau, inda ya kai da gaske, da abin da aka kashe kafin a kai can. Tarin yashi da buhunan siminti ba ya sa su cikin aiki, sai bangon da ya miƙe. Bayan nan ya tsuguna gaban dattawa ya tambaye su abin da zai iya ɓata aikin nan gaba. Ginin ya kai ƙarshe, an ɗora katako, kuɗi sun yi daidai da aiki. Dattawa suka ce in katakon ya sha damina a buɗe, sai dai a yi itacen girki da shi. Nan na gane Kankara na iya kwashe kwanon.

Faskari mun isa da la'asar, gari tsakanin duwatsu, mangwaro kamar a roƙe ka ka ɗauka. Makarantar ta sha fenti daga gaba, har na ce masha Allah. Injiniya ya zaga baya, ashe ko yaɓe babu, aji guda ma ba a fid da shi daga ƙasa ba. An cinye yawancin kuɗin, aiki bai kai rabi ba. Ɗan kwangilar, wani Alhaji mai sabuwar mota, ya aiko da gasassun kaji. Injiniya bai taɓa ba, ni da direba muka yi masu adalci. Na kwana da murna, don abokin takara ɗaya ya faɗi.

Da safe muka bi ta Dandume zuwa Sabuwa. Ƙasar ta fi tamu laima, har ga hadari yana leƙowa daga gabas. Ginina ya tsaya a taga. Amma da aka yi awo sai ya zamana abin da aka kashe bai kai aikin da aka yi ba, maginin bai yi ha'inci ko na bulo ɗaya ba, jiran siminti ne ya ja shi baya. Injiniya ya yaba mashi ƙwarai, ni kuwa sai washe baki nake.

Sai ya juya ga dagaci ya tambaya me leburori ke yi in an yi ruwan shuka. Dagaci ya yi dariya, ya ce duk wanda ke ɗaukar bulo a nan manomi ne, ranar da aka yi ruwan shuka ko ninka lada aka yi ba mai zuwa, har shi maginin. Kuma ruwa na riga sauka nan kafin Kankara.

Injiniya ya dube ni ya ce, "Malam, bangon nan ba zai kai sama ba kafin ruwa. In na kawo kwano nan, kwance zai yi damina, makarantu biyu su tashi a tutar babu. Kankara za a kai."

Raina ya ɓaci sosai. Na kawo maganar alkawari, na kawo maganar zumunci, bai motsa ba. Amma bai shiga mota ba sai da ya tambayi dagaci ko akwai wuri mai rufi da ke zama ba kowa da damina. Aka tuna da rumfar awon auduga, wadda ba a buɗewa sai kaka. Ya je ya auna ta, ya duba rufin, ya ce za ta ɗauki aji guda.

Abin da ya rage shi ne mai wuyar. Na sa aka tara iyaye a ƙofar dagaci, na ce masu abin da na alkawarta ba zai samu ba bana. Wasu suka kakkaɓe riguna suka tafi, na san ɗiyansu na rasa su. Wani tsoho ya dube ni ya ce, "Malam, mutanen gwamnati sun sha zuwa nan. Kai ne na farko da ya ce mana abu ba zai yiwu ba tun kafin ranar ta zo. Jikokina suna nan zuwa rumfar."

Mun dawo Katsina lafiya, jiki duk ciwon gargada. Ban taɓa ganin mutumin da ya hana ni abu na kuma ƙara ganin girmansa ba sai injiniyan nan. Da zugata ta ci, da sai tsakiyar damina iyayen nan za su gane na yi masu alkawarin abin da ba ya hannuna, kuma da ba wanda zai sake saurarona. Jibi zan koma Sabuwa da allo da alli, in share rumfar auduga.